Ciwon Hanta Ba Ya Sallama

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu, manoman fadama, Sarkawa masu su, iyayenmu mata. Ku kasa kunne, maganar yau ta ranku ce da ta 'ya'yanku.

Kowa a nan ya san magidancin da ke noma lafiya lau, kwatsam idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. A ce shawara ce, a ce sammu ne. A sha saiwa, a sayar da sa, ba za a kai shi asibiti ba sai aski ya zo gaban goshi. Sau da yawa hanta ce, ta yi shekaru tana lalacewa shiru.

Me ke cin hanta? Na ɗaya, ƙwayar cutar da likitoci ke kira hepatitis B. Uwa kan ba jariri wajen haihuwa, aska guda ta wanzami ma kan raba ta. Binciken gwamnatin tarayya na 2018 ya sami manya 8 cikin kowane 100 na ɗauke da ita. Na biyu, tsutsar tsargiya da ke ruwan fadama, akwai irinta mai kai wa hanta. Na uku, gubar gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu. Na huɗu, ƙiba. Da muna cewa teɓa alamar arziki ce, alhali kitse na taruwa a hanta, ciwon sukari da hawan jini na biye.

To, rigakafi ya fi magani. Tun 2004 allurar ciwon hanta ta shiga cikin alluran yara, kyauta. Amma ta fari ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Yawancin matanmu kuwa a gida suke haihuwa. In aka jira suna, an makara.

Kada wani ya ce muku babu doka. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja, kashi 15 bisa 100 na kasafi ya tafi ga lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya tun daga tushe. A 2021 aka sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon kwalba. Abin tambaya, nawa ya iso ɗakin shan maganin ƙauyenku?

Ga alkawarinmu, ku riƙe shi. Kowace mazaɓa ta sami ɗakin shan magani mai firji, mai ungozoma da ke kwana nan. Duk mai ciki a gwada jininta. Ranar kasuwa a auna hawan jini da sukari. Maganin tsargiya ya kai makarantar boko da ta allo.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, har da mu, ku tambaye shi: jaririn da aka haifa da tsakar dare, wa zai yi masa allura kafin gobe? In ya kasa amsawa, kun san abin yi ranar zaɓe.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.