Wa Zai Fara Gaisuwa? Lacca a Kan Gaba, Sulhu da Kwanciyar Hankali

 

An nemi in yi magana a kan kwanciyar hankali da kyautata wa mutane. Fagen yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan abu guda: gaba, da wanda ke fara kashe ta. Talauci yana hana barci, ciwo ma haka. Amma da yawa daga cikinmu lafiyarsu ƙalau, da abin sawa a baki, sai dai su kwana suna juyi saboda wata magana da ɗan'uwa ya faɗa musu tun bara.

A 1973, wani Baturen Ingila da ya daɗe yana nazarin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba su da kyau. Kusan dukkansu sai da wani mutum a gabanka ake gane kana da su. Wa za ka riƙe wa amana in kai kaɗai ne? Wa za ka yi wa karamci? Kakanninmu sun ɗora nagartar mutum a kan zamansa da jama'a, kuma a nan suka nemi natsuwar zuciya.

Tarihinmu yana da misali. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, babban malami mai tafsirin Diya'ut Ta'wil, wanda ya jagoranci yaƙe-yaƙen jihadi da dama, ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya da ɓacin rai, ya zauna a Gwandu, zumunci ya yi sanyi. Daga baya tawaye ya taso masa a Kalambaina, sai Bello ya ɗauki runduna ya je ya taimaki baffansa. Masana tarihi sun ruwaito cewa da aka ci nasara suka haɗu a kan dawakai, Bello ya yunƙura zai sauka don girmama babba, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Yaro ya fara da tattaki, babba ya ƙarasa da miƙa wuya. Kowannensu yana da hujjar da zai riƙe ya ci gaba da fushi, kowannensu ya ajiye ta. Sakkwato da Gwandu suka ci gaba da tafiya tare har zuwan Turawa a 1903.

Mu dawo unguwa. Damina ta sauka, ruwan kwatar wani gida ya kwanta a gindin katangar maƙwabci. Aka yi cacar baki a ƙofar gida, yara na kallo. Daga ranar magidanta biyu suna sahu ɗaya a masallaci, amma in an sallame kowa ya nemi takalminsa ya bi wata hanya. An hana yara wasa tare. Sai wata rana da magariba uwargidan ɗaya ta zuba tuwo da miyar kuka a kwano, ta rufe da faifai, ta kira 'yarta: "Kai wa Maman Sadiya, ki ce ina gaishe ta." Da safe kwanon ya dawo a wanke, da ƙuli-ƙuli a ciki. Ba a kira mai unguwa ba, ba a tono wanda ya fara ba. Kafin Juma'a mazan sun haɗa kuɗin siminti. Wannan baiwar Allah ba ta rasa komai ba sai kwanon tuwo, ta kuma sauke wa gida biyu nauyi.

Wani zai ce, "Malam, ni aka zalunta, ni kuma zan fara?" Tambaya ce mai kyau. Fara gaisuwa ba ya nufin ka bar haƙƙinka. In gona ce ko gado ko bashi, ga dattawa, ga mai unguwa, ga alƙali, ka nemi abinka ta hanyarsa. In kuma mutum mai cutarwa ne, mai duka ko cin zarafi, nisantarsa hankali ne. Abin da nake roƙo shi ne kada ka bar shari'ar ta tare a zuciyarka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Addini ma haka ya koyar. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara yin sallama. A hadisi na 16 cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wani ya nemi wasiyya, aka yi ta maimaita masa gargaɗi a kan fushi. An kuma koya mana cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Ni zan ƙara da na zamaninmu: in rai ya ɓaci, a ajiye waya. Saƙon murya da aka tura wa zauren dangi na WhatsApp cikin fushi, da zarar an saurare shi, ba ya dawowa.

Jama'a, mun iya neman gafara. Muna yi ranar Sallah, maniyyaci yana zagaya dangi kafin ya tafi Makka, a wurin jana'iza ma akan roƙi mutane su yafe wa mamaci. To me ya sa sai an kai nan? Kowannenmu ya san sunan da ya faɗo masa a rai tun da na fara magana. Kada ka jira Sallah. Ka je da ƙafarka a makon nan, ka yi sallama, ka tambayi lafiyar iyali. In ya amsa, kun rabauta ku biyu. In ya ƙi, ka sauke naka, ka kwana da zuciya wasai.

Allah Ya ba mu ikon yafe wa juna, Ya yafe mana baki ɗaya.