Jawabi A Kan Aikin Ancau Da Hannun En'en Zazzau A Cikinsa

 Abin da ya kamata a tuna a wannan taro shi ne wani aiki da aka yi a ƙasar Zazzau, wanda ya nuna iyakar abin da hukuma ke iya yi idan ta sa ido a kan rafi da daji da rijiya kamar yadda take sa ido a kan haraji. Wannan kuwa shi ne aikin Ancau, wanda aka soma cikin shekarar 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ya hau gadon sarautar Zazzau.

Kafin wannan lokaci ciwon barci ya yi wa ƙasar Ancau kaka-gida. Da likitoci suka bi ƙauyuka suna lallatsa wuyan mutane don neman kaluluwa, sai suka tarar a waɗansu wurare kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da cutar. Mai kawo ta kuwa tsando ne, ƙuda mai son inuwa da laima. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya tattaru cikin duhuwar bakin rafi inda ɗan ruwa ya rage. To, nan ne kuma mata ke ɗiban ruwa, nan ake wanki, nan matafiya ke ƙetarewa. Ya ciji mai ciwo, ya koma ya ciji mai lafiya. Ko an yi wa mutum allura ya warke, gobe ƙishirwa za ta mai da shi rafin nan. Saboda haka aka ga allura kaɗai ba ta isa ba, sai an gyara wurin zama.

Gwamnati ta ba da kuɗi da ma'aikatan ciwon barci, cikinsu har da wani Bature masanin ƙwari, Dokta Nash. Aka shata wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 da faɗin kamar mil 10, aka ƙudura a raba shi da tsando. Aka bi rafuka ana sare sarƙaƙiya da itatuwa masu rassa ƙasa-ƙasa, har tsawon abin da aka share ya wuce mil 500. Da inuwa ta kau, zafin rana da iskar hunturu suka gama da ƙudan.

Amma sara ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne daji ba ya barci, abin da aka sare bana zai toho baɗi. Sai masu aikin suka ƙididdige, suka ga in ba a sami kamar mutum 70 cikin kowane murabba'in mil ba, jama'a ba za su iya riƙe rafukansu da shara ba. Don haka aka tashi ƙananan ƙauyuka da ke warwatse cikin daji, aka kawo su cikin zirin, mutane wajen 5,000. Kafin a tashe su sai da aka auna ƙasar noma, aka lissafta abin da zai ishi kowane gida, har da saurar da za a bari ta huta.

A nan ne hannun En'e ya bayyana. Bature yana iya zana taswira, amma ba ya iya ce wa magidanci ya bar kufan ubansa. Waɗansu kurmi kuma mutane na tsoron sa musu gatari, suna cewa mazaunin iskoki ne. Hakimi da dagatai da masu unguwa su ne suka zauna da dattawa, suka saurari ƙorafi, suka raba gonaki, suka sasanta rikicin iyaka. Su ne kuma suka riƙa kiran gayya kowane rani, ko wane ƙauye ya fita ya share nasa rafi. Inda dagaci ya tsaya da kansa, rafi ya zauna fili. Inda ya aika yaro ya koma ya kwanta, duhuwa ta komo, tsando kuma ya biyo ta.

Garin Ancau kansa a da a cushe yake cikin ganuwa, lunguna matsattsu, kududdufai ko ina, rijiya kusa da masai. Aka rage cunkoson, aka kafa sabon gari kusa da shi, aka sa masa suna Takalafiya. Aka fid da tituna masu faɗi, aka bar fili tsakanin gidaje don kada gobara ta yi tsalle daga wannan jinka zuwa wancan. Aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti, don mata su huta da zuwa rafi. Aka keɓe wa mahauta wurin yanka, aka gyara kasuwa, aka dasa itatuwan marmari. Cikin shekarar 1948 aka buga rahoton aikin, ya zama abin da ake karantawa har a waɗansu ƙasashe.

Ba a ce kome ya tafi daidai ba. An tashi mutane da umurni, waɗansu ba da son ransu ba, aikin gayya kuma ya yi wa waɗansu nauyi. Wannan ma darasi ne, domin dokar da talaka bai gane amfaninta ba, ranar da mai tsaronta ya juya baya ranar take mutuwa.

Cikin shekarar 1976 aka sāke tsarin mulki, ƙananan hukumomi suka gaji En'e, Ancau kuwa daga baya ta zama hedkwatar ƙaramar hukumar Kubau cikin Jihar Kaduna. Suna ya sauya, amma rafi da kududdufi da rijiya suna nan inda aka bar su, suna jiran mai dubawa. Wanda duk ya gaji kujerar, ya gaji wannan amana. Allah ya jiƙan magabatan da suka yi aikin, ya ba na baya ikon riƙewa. Wassalam.