Gani Ya Kori Ji: Shaida, Son Zuciya da Ladabin Gardama Tsakanin Masoya Lasifikar Kunne



Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, watau abin da mutum ya gani da idonsa ya fi abin da aka ba shi labari. To, akwai wani fage inda wannan karin magana ya zama gaskiya ta wata fuskar da masu hikima ba su nufa ba, domin a can ido ne ke shiga gaban kunne ya hana shi aikinsa. Wannan fage shi ne na masu sha'awar lasifikar kunne, wadda samari ke kira hedifon ko iyafis. A Amurka da Turai da Japan akwai dubban mutane waɗanda suka mayar da sauraron kiɗa da wannan na'ura abin shagala, suna kashe mata kuɗi masu yawa, suna gardama a kanta har zumunci ya ɓaci. Makasudin wannan lacca shi ne a duba gardamar tasu, saboda tana koyar da darasi guda wanda ya shafi alƙali da malami da ma'aikacin ofis: mutum yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, amma shaidarsa ta zama kuskure.

Asalin Na'urar da Masoyanta

A shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin, mutumin jihar Utah, ya riƙa haɗa lasifikar kunne a ɗakin girkinsa, sojojin ruwa na Amurka suka saya domin aikin wayar iska. A wancan zamani kayan aiki ce kawai. Sai a 1958 John Koss ya fito da wadda aka yi musamman domin jin daɗin kiɗa, kowane kunne da nasa rabon sautin. Kamfanin Sennheiser na Jamus ya biyo baya a 1968 da samfurin HD 414 mai buɗaɗɗen baya, sa'an nan a 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƙaramar rakoda mai cin kaset, wadda ta fitar da lasifikar kunne daga ɗaki zuwa kan titi.

Da kaya suka yawaita, sai masoyansu suka rabu gida biyu. Rukuni na farko suka ce kunne shi ne alƙali, abin da ya ji shi ne gaskiya. Rukuni na biyu suka ce kunne ba shi da tabbas, sai abin da na'urar awo ta nuna. Na farkon suna kiran na biyun kurame masu bautar lambobi, na biyun kuma suna kiran na farkon masu ruɗin kai. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kamar yadda bayani zai nuna.

Yadda Ido Ke Rinjayar Kunne

Tun daga 1915 kamfanin Thomas Edison ya riƙa shirya taruka a manyan zauruka domin tallar garmahonsa. Mawaƙiya takan tsaya kusa da na'urar tana waƙa tare da faifai, sai a kashe fitilu, ta sulale ta bar dandali. Idan an kunna fitila sai jama'a su ga garmaho ne kaɗai ke waƙa, su yi ta tafi suna cewa ba su ji bambanci ba. Duk wanda ya saurari faifan wancan zamani a yau zai yi mamaki, domin cike suke da ƙara da shaƙewar murya. Daga baya ɗaya daga cikin mawaƙan, Anna Case, ta bayyana cewa takan daidaita muryarta ta yi kama da ta na'urar. Mutanen da suka cika zaurukan nan ba ƙarya suka yi ba. An shirya zukatansu su ji abu, suka kuwa ji shi.

Masana sun tabbatar da wannan a ɗakin bincike. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald suka nuna wa mutane hoton leɓɓa suna furta "ga", alhali muryar da aka saka tana cewa "ba". Akasarin masu kallo suka ce "da" suka ji. Abin mamaki shi ne, ko an faɗa wa mutum sirrin, muddin idonsa na kan leɓɓan, kunnensa zai ci gaba da ruɗuwa. Ke nan sanin tarko ba ya hana faɗawa cikinsa.

A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman, suka tara ma'aikatan kamfanin su 40, suka sa su auna daɗin wasu lasifikoki na ɗaki sau biyu: sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya an ɓoye su bayan labule. Da ana gani, manya masu tsada da sheƙi suka sami maki mai yawa, ƙarama mai araha ta sha ƙasa. Da aka sa labule sai tazarar ta ragu ƙwarai. Har ila yau, da aka canja wurin ajiye lasifikokin a cikin ɗakin, abin da lalle yake canja sauti, masu saurare a bayan labule sun lura, amma da suna gani makinsu bai motsa sosai ba. Kuma ƙwararrun cikinsu ba su tsira daga wannan rinjaye ba.

Ƙwarewa dai ba ta zama garkuwa ba, ko a wajen makaɗa. A 2010, a birnin Indianapolis, Claudia Fritz da Joseph Curtin suka ba magoga 21 gogen Turawa guda 6, uku sababbi, uku tsofaffi ƙirar Italiya, biyu daga cikinsu na Stradivari wanda ya rasu a 1737, waɗanda kuɗinsu ya kai miliyoyin daloli. An rage hasken ɗaki, an sa musu baƙin tabarau. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 suka zaɓi sabo.

Bambancin Kunnuwa

Duk da haka, kada a ɗauka cewa kowane saɓani ruɗi ne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan guda, amma da shekaru suka ja, siririn amo na sama shi ne ke fara ɓacewa. Ramin kunne, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita biyu da rabi, yana ƙara ƙarfin sautin da ke kaɗawa wajen sau 3,000 a sakan, kuma siffar ramin da ta fatar kunne ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Mai sa tabarau kan rasa wani abu na amo mai kauri, domin ƙafar tabarau tana buɗe kafa tsakanin matashin lasifikar da kansa. Saboda haka mutum biyu suna iya saka na'ura ɗaya, sautin da ya isa dodon kunnensu ya zama daban.

Daɗin daɗawa, tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa idan an ƙara ƙarfin sauti, kunne yakan fi jin amo mai kauri. Wannan ya sa idan aka gwada na'ura biyu, wadda ta ɗan fi ƙarfi ita ce takan fi daɗi, ko da ba ta fi kyau ba. Wanda bai daidaita ƙarfin sautin ba kafin ya gwada, hukuncinsa a kan yashi ya gina shi.

Son Zuciya

Bayan ido da kunne, sai zuciya. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Mutumin da ya tara albashin wata uku ya sayi na'ura, da wuya ya yarda cewa ta ƙaninsa mai araha ta kamo ta, domin yarda da haka tamkar yarda ne cewa ya yi wauta. Masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya yi bayanin irin wannan hali a 1957, inda ya nuna cewa idan aikin mutum ya saɓa wa abin da ya sani, yakan gyara tunaninsa domin ya dace da aikin. Akwai kuma wanda kamfani ya ba kyautar kaya domin ya yaba, da wanda ya riga ya yi suna da yabon wani kamfani har yana jin kunyar janyewa. A ɗaya gefen akwai wanda ba shi da halin sayen mai tsada, shi kuma son zuciyarsa shi ne ya ji an ce duk mai tsada yaudara ce.

Dangane da tsada, a 2017 Jeroen Breebaart ya duba awon lasifikar kunne guda 283, bai sami wata dangantaka tsakanin farashinsu da yadda suke fitar da amo daga mai kauri zuwa siriri ba. Wannan bai nuna cewa kuɗi ba ya sayen kome ba, domin yana sayen ƙarko da sauƙin ɗauka a ka. Abin da ya nuna shi ne, farashi ba ya isa ya zama shaidar daɗin sauti.

Wace Shaida Ce Abin Karɓa?

Malaman Hadisi sun daɗe da raba sharaɗi biyu game da mai ruwaya: adalci, watau ya zama ba ya ƙarya, da kiyayewa, watau ya zama ba ya yawan kuskure ko mantuwa. Sukan yarda da kirkin mutum, amma su ƙi dogara ga ruwayarsa saboda raunin haddarsa, ba tare da sun ci mutuncinsa ba. Rashin wannan rarrabewa shi ne tushen rigimar masoya lasifika. Idan aka ce wa mutum a gwada abin da ya ji, sai ya ɗauka an kira shi maƙaryaci, alhali kiyayewarsa ake tambaya.

Hanyar gwajin kuwa sananniya ce. A 1982 David Clark ya bayyana wata na'ura da ake kira ABX. Mai saurare zai ji abu na farko, ya ji na biyu, sa'an nan a saka masa na uku wanda ɗaya ne daga cikin biyun, ya faɗi wanne ne, kuma shi mai gudanar da gwajin bai san amsar ba. Idan mutum ya dace sau 12 cikin 16, damar a ce sa'a ce kawai ba ta kai 4 cikin 100 ba. Ga lasifikar kunne abin ya fi wuya, domin mutum yana gane ta da nauyinta a kansa. Saboda haka Sean Olive da Todd Welti suka yi dabarar amfani da lasifika ɗaya wadda ake sauya mata amo ta kwaikwayi sauran. Bincikensu ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu saurare sun fi son tsarin amo iri ɗaya, ragowar kuma sun rabu, wasu na son ƙarin amo mai kauri, wasu na son a rage shi. Wannan ya ba kowane rukuni rabonsa: awo yana iya hasashen abin da akasari za su so, amma bai isa ya tilasta wa kowa ba.

J. Gordon Holt, wanda ya kafa mujallar Stereophile a 1962 kuma ya zama uban masu dogara ga kunne, shi da kansa ya faɗa a 2007 cewa harkar ta zubar da mutuncinta a idon duniya tun lokacin da ta ƙi yarda da gwajin bayan labule. Maganar tasa tana da nauyi, domin ɗan gida ne ya faɗi laifin gidansu.

Ladabin Gardama

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ladubba huɗu. Na farko, mai ba da shaida ya faɗi halin da ya saurara: tsawon lokaci, irin kiɗan, da ko ya daidaita ƙarfin sauti. Na biyu, ya bayyana alaƙarsa da kayan, ko saye ya yi, ko aro, ko kyautar kamfani, domin mai saurarensa ya san awon da zai yi wa maganar. Na uku, ya raba tsakanin "wannan ta fi mini daɗi" da "wannan ta fi kyau". Magana ta farko hakkinsa ce, ba mai ja da shi, ta biyu kuwa da'awa ce mai neman hujja. Na huɗu, mai riƙe da lambobin awo ya guji wulaƙanta wanda bai san su ba, musamman baƙon shiga wanda ya zo da murnar abin da ƙarfinsa ya kai ya saya. Hujjar da aka miƙa da izgili ba ta shiga kunne, kome ingancinta.

Kammalawa

Ɗaliban da ke wannan zaure sun san dalilin da ya sa a manyan jarrabawa ake rubuta lamba a kan takarda maimakon suna. Ba a yi haka domin ana zargin malamai da zalunci ba, an yi ne domin a kare malami mai adalci daga abin da idonsa zai saka masa a zuciya ba da saninsa ba. Labulen da Toole da Olive suka rataya a gaban lasifikoki shi ne wannan lamba. Haka nan ma'aikacin da ke zaune a kwamitin ba da kwangila ko na ɗaukar ma'aikata yana fuskantar sunan babban kamfani, da kyakkyawar riga, da takarda mai sheƙi, kuma zai iya rantsuwa cewa cancanta kaɗai ya duba, rantsuwar tasa ta zama da zuciya ɗaya. Abin da ya kamace shi shi ne ya nemi a sa masa labule inda hali ya yi, ya faɗi alaƙarsa da masu nema tun kafin a tambaye shi, kuma idan abokin aiki ya nemi a sake duba hukuncinsa, kada ya ɗauke shi cin fuska.