Fatsa a Ruwa Mai Zurfi

A Ingila mai fatsa yakan ɗaura ɗan tsinken gashin ɗawisu a zarensa, ya riƙa yawo bisa ruwa, ya nutse in kifi ya ja. To, sandar fatsa ba ta cika wuce ƙafa 13 ba, wani tafki kuwa zurfinsa ya fi ƙafa 20. In an kafe tsinken da nisa haka, jefa ƙugiya ya gagara. Saboda haka akan bar shi yana zamewa, a yi ɗan ƙulli a zaren daidai zurfin ruwan. Dalma ta ja ƙugiya ƙasa, tsinke ya hau har ya tokare da ƙullin. Wanda ya kuskure awon zurfi kuwa, sai tsutsarsa ta wuni tana reto can bisa kifi, ya koma gida hannu rabbana.