Tsatsa a Ƙarƙashin Bariki

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai a Gusau)



Da aka ce za mu yi magana a kan tsatsa da barikin soja, mun san wasunku sun ce ina ruwan biri da gada. Mu mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu, in an ambaci tsaro a shekarun nan, motar sintiri muke tunawa. To, amma motar nan mai take sha, man kuwa a tanki yake, tankin kuma sau da yawa a binne yake. Sojan ma ruwa yake sha, bututu ne ke kawo masa. Duk ƙarfen da aka binne, tun ran da aka rufe shi da ƙasa tsatsa ke soma cin sa, kamar yadda gara ke cin azara, ba a ankara sai ran da ɗaki ya rufta.

Mu fara da sanin yadda take ci. Kowa a nan ya taɓa fasa tsohon batirin tocila. Kwankon tutiya na waje ya zagwanye, baƙin sandan da ke tsakiya kuwa yana nan garau. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ke nan. In ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu a cikin laima, ko kuwa bututu ɗaya ya ratsa ƙasa iri biyu, sai wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana. Inda wutar ke fita daga jikin ƙarfe ta shiga ƙasa, nan ne yake cinyewa. Inda take shiga jikinsa, nan ya tsira. Saboda haka bututun da ya taso daga jigawa mai shan iska, irin ta gindin duwatsun Tsafe ko Kwatarkwashi, ya faɗa laka irin ta fadamar Gulbin Sakkwato a Bungudu, a cikin lakar zai fi saurin hujewa.

Maganin kuwa sojan ruwa ne ya fara neman sa. A 1824 masanin Ingila Humphry Davy ya liƙa guntayen tutiya da baƙin ƙarfe a jikin tagullar da ake lulluɓe jiragen yaƙi da ita, sai guntayen suka cinye, tagullar ta tsira. A 1928 wani injiniya, Robert Kuhn, ya gwada dabarar a bututun gas a New Orleans ta Amurka. Masana suna kiranta kariyar katod, watau a sa wuta ta riƙa shiga ƙarfen da ake so a tsare ta ko'ina, kada ta fita.

Hanya biyu ce. Ta farko, a binne dunƙulen magniziyam ko tutiya kusa da tanki, a haɗa su da waya, dunƙulen ya riƙa cinyewa a madadin tankin. Mu kira shi ƙarfen fansa. Ya dace da ƙaramin tanki irin na sansani ko na gidan mai. Ta biyu, a kafa na'urar da za ta riƙa tura wuta mai bin hanya ɗaya cikin ƙasa zuwa jikin ƙarfen dare da rana. Ita ce ta dace da dogon bututu, irin wanda aka shimfiɗa daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya bi ta Zariya ya ƙare a ma'ajiyar mai ta Gusau. Inda babu wutar gwamnati, farantan hasken rana suna iya riƙe ta.

Rundunonin da suka ɗauki abin da muhimmanci, kamar ta Amurka, sun mai da shi ƙa'ida a rubuce: tankin mai na ƙarƙashin ƙasa, da bututun mai da na gas, da cikin tankin ruwa na ƙarfe, duk sai an yi musu wannan kariya. Sharuɗɗan ba su da yawa. Na ɗaya, a auna ƙasar wurin kafin a haƙa rami, don tun ran gini ran zane. Na biyu, a shafe ƙarfen da abin rufi mai kyau, a kuma duba shi kafin a binne, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, a raba ƙarfen da ake tsarewa da sauran ƙarafa, a kafa turakun awo a kan hanyarsa. Na huɗu, wanda ya fi duka, a riƙa awo ana rubutawa: na'urar wuta duk wata biyu, tsarin gaba ɗaya duk shekara. Mizanin da aka fi aiki da shi ga baƙin ƙarfe shi ne bolt 0.85 a gefen ragi. A ƙasa irin tamu sai an auna da damina, an kuma auna da rani, domin in ƙasa ta bushe wuta ba ta ratsa ta sosai.

Kada mu ɗauka asarar ta tsaya a kan kuɗi, ko da yake a 2016 ƙungiyar injiniyoyi ta NACE ta ƙiyasta tsatsa na cin wa duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara. Ran 22 ga Afrilu, 1992, a birnin Guadalajara na Meziko, wani bututun ruwa mai rufin tutiya da ke goga da bututun fetur ya jawo huji, fetur ya malala cikin magudanan ƙazanta, tituna suka yi bindiga, mutum fiye da 200 suka rasu. Mu ɗauko misalin mu kawo gida. Tankin bariki in ya huje, mai zai sirnana zuwa rijiyoyin unguwa, ruwa kuma zai shiga cikin man. Ran da wani ƙauye ya nemi ɗauki cikin dare, motar da ta sha wannan mai ba za ta kai ba.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Ba dukanmu za mu sa kaki ba, amma a cikinmu akwai wanda zai tsara kwangila, da wanda zai duba lissafi, da wanda zai riƙe sito. In kuɗi suka yi ƙaranci, abin da ke binne ake fara sokewa, tun da ba a yanka masa kyalle ran buɗewa. Na'ura takan mutu ta shekara ba wanda ya leƙa, ɓarawo ya yanke waya ba wanda ya kai rahoto. Saboda haka duk ran da fayil ɗin tanki ko bututu ya zo teburinmu, mu yi tambaya uku kafin mu sa hannu: an auna ƙasar? Wa aka ɗora wa awon? Ina littafin da ake rubuta shi? In aka kawo littafin muka ga shafin bara babu komai, mu tashi mu je wurin da kanmu.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.