SANA'AR WANKE DAƁE DA INJIN FESHI: A NEMI RUWA DA AIKI KAFIN A SAYI INJI

Wannan shi ne bayanin laccar da wani malamin koyar da sana'o'i ya gabatar wa ɗaliban ajin manya da samarin ƙauyukan kewaye, a ranar rufe zangon karatu. An buga shi ne domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bayan ya yi sallama, ya kuma gode wa mai gari da dattawa, malamin ya ce abin da ya sa ya zaɓi wannan magana shi ne yawan samarin da ke zuwa wurinsa neman shawara a kan sayen injin feshin ruwa, irin wanda ake gani a wuraren wankin mota. Ya ce kusan kowannensu tambaya ɗaya yake yi, wato nawa ne kuɗin inji. Da wuya a sami mai tambayar inda zai sami ruwa, ko wanda zai ba shi aiki. Ya ce daga nan asara take farawa.

Ya ba da labarin wani saurayi da ya sayar da bijiminsa na huɗa ya sayi inji. Ya riƙa jan ruwan kududdufi mai yashi ba tare da tacewa ba. Kafin damina ta faɗi famfon injin ya lalace. Ga shi babu sa, babu inji, kuma lokacin noma ya zo. Malamin ya ce ba ya so irin wannan ta sami ko mutum ɗaya daga cikin masu sauraronsa.

MECE CE SANA'AR?

Malamin ya bayyana cewa injin yana jan ruwa ne ya matse shi, sa'an nan ya fitar da shi ta ƙaramar kafa da ƙarfin gaske. Ana auna ƙarfin da wani ma'auni da ake kira ba. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce ba 2 da rabi ba. Amma ƙaramin injin feshi mai amfani da lantarki yakan kai ba 100 zuwa 150, mai amfani da fetur kuwa yakan kai 200 ko fiye. Saboda haka dattin da tsintsiya da burushi suka kasa, shi yakan ɗauke shi nan take.

Ya ce injin ba sabon abu ba ne. Wani Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ya ƙera irin wanda ke fesa ruwan zafi tun a shekarar 1950, kuma har yau kamfaninsa yana ƙera su. A Amurka da Ingila mutane da yawa suna cin abinci da shi ta hanyar wanke daɓen da mota ke bi daga titi zuwa ƙofar gida. A nan ƙasar an fi saninsa da wankin mota da babur. Amma yanzu gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja, har ma da hedkwatocin ƙananan hukumomi, an shimfiɗa musu daɓen intalok ko siminti ko tayil. Haka farfajiyar masallatai da makarantu da gidajen mai da ɗakunan taro. Ƙurar hunturu takan rufe su, damina kuma ta bar musu gansakuka mai santsi wadda ke kayar da tsofaffi da yara. Ya ce wannan ita ce kasuwar da mutane ƙalilan suka lura da ita.

RUWA SHI NE JARI NA FARKO

Da ya juya kan batun ruwa, malamin ya roƙi ɗalibai su fito da alƙalumansu su yi lissafi tare da shi. Ya ce matsakaicin inji yana shan kimanin lita 500 a awa ɗaya idan ana feshi ba tsayawa. Jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25, sai an zuba guda 20 kafin a sami lita 500. Duro mai lita 200 kuwa ba zai kai rabin awa ba. Ke nan aikin awa biyu yana iya cinye jarka 40.

Ya ce duk wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya yanka kuɗin aiki, to 'yan garuwa zai yi wa wahala. Don haka tambaya ta farko da za a yi wa mai gida ita ce: akwai rijiyar burtsatse ko tanki a gidan? In akwai, a yi yarjejeniya cewa ruwa nasa ne. In babu, a sa kuɗin ruwa a cikin ciniki tun da farko.

Ya ƙara da cewa ba kowane ruwa injin yake so ba. Yashi da laka su ne manyan abokan gabar famfo. A zuba ruwa a duro ya kwanta tukuna, a ɗaura mataci a bakin tiyon da ke jan ruwa, kuma kada bakin tiyon ya taɓa gindin duro. Kada a taɓa tayar da inji babu ruwa a cikinsa. Kada kuma a bar shi yana aiki fiye da minti biyu alhali ba a feshi, domin ruwan da ke kewayawa a cikin famfo yakan yi zafi ya ƙone robobinsa. In za a tsaya magana ko matsar da kaya, a kashe shi.

MASU BA DA AIKI

Malamin ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya shawarci mai son sana'ar ya ɗauki mako biyu yana zagaya garin da ya fi kusa da shi, da littafi a hannu. Ya rubuta gidaje da masallatai da shaguna masu daɓe. Ya gaisa da masu gadi da ladanai da shugabannin makarantu, domin su ne suka san lokacin da ake bukatar wanki. Ya tambayi mutane ko za su biya, kuma nawa. In ya tara sunaye goma na waɗanda suka ce za su gwada shi, to ya kama hanya. In ya rasa ko uku, ya gode wa Allah da kuɗinsa suna aljihunsa.

Bayan wannan, ya ce a fara da haya ko da koyo. Mutum ya yi wata ɗaya ko biyu a ƙarƙashin mai wurin wankin mota, ya ga yadda inji yake lalacewa da yadda ake gyara shi. Daga nan ya ɗauki hayar inji ya yi aiki uku ko huɗu. Ya ce aikin farko yana da kyau a yi shi kyauta a masallacin unguwa. Ga lada, ga kuma jama'a suna gani da idonsu sau biyar a rana. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki wurin kafin wanki da bayan wanki, domin a nuna wa wasu.

Ya kuma ja hankali cewa aikin yana da lokacinsa. Ana samun ciniki gab da sallah ƙarama da babba, da lokacin bukukuwan aure, da ƙarshen damina, da bayan hazo ya wuce. A sauran watanni a haɗa da wankin babura da a-daidaita-sahu da kafet da dardumar masallaci. Kuma kada manomi ya bar gonarsa saboda inji.

WANE INJI ZA A SAYA?

Ya ce mai lantarki ya fi araha, ba shi da nauyi, ba shi da ƙara. Amma inda wuta ba ta zama, sai an haɗa da janareto, kuma yawancin ƙananan an yi su ne don aikin gida na ɗan lokaci, ba su jure aikin yini. Mai fetur ya fi ƙarfi, yana zuwa ko'ina, sai dai tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin fetur ya zama abin lissafi a kowane aiki.

Ko wanne za a saya, ya ce a tafi da makanikin da aka amince da shi. A sa a tayar da injin a gaban mai saye. A tambaya ko ana samun kayan gyaransa a kasuwar da ke kusa, domin injin da ba shi da kayan gyara gawa ne tun yana sabo. A karɓi rasit. Sabon inji mai fetur ana canza masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma a bi abin da littafinsa ya ce. Sauran kayan aiki su ne duro biyu, da dogon tiyo, da burushi mai sanda, da tsintsiya, da garin sabulu, da baro ko kura ta ɗaukar kaya.

YADDA AKE AIKIN

Malamin ya ɗaga ƙananan kawuna biyar da ake sa wa bakin bindigar feshi, ya nuna wa jama'a launinsu. Ja yana fitar da ruwa tsaye kamar allura, yana iya sassaƙe siminti, don haka sabon shiga ya ajiye shi. Rawaya na datti mai taurin kai ne. Kore shi ne na yawancin aikin daɓe. Fari ya fi sauƙi, shi ake wanke mota da tayil da shi. Baƙi kuwa na fesa sabulu ne.

Ya ce a share wurin tukuna. Inda baƙin mai ya zuba a barbaɗa dusar katako ko toka ta tsotse shi, sa'an nan a goge da sabulu. A gwada feshi a wani lungu da ba a gani. A riƙe bindiga kamar tazarar ƙafa ɗaya daga ƙasa, a fara daga tudu a koro ruwa zuwa gangare, layi bayan layi.

Game da intalok, ya ce yashin da ke tsakanin duwatsun shi ne yake riƙe su. Feshi yakan kwashe shi. In wurin ya bushe, sai a zuba busasshen yashi mai laushi a share shi ya cika ramukan, in ba haka ba duwatsun za su fara motsi a zargi mai wanki. Ya yi gargaɗi cewa kada a kusanci ginin ƙasa ko yaɓen laka ko tsohon fenti da wannan inji, haka kuma daɓen simintin da bai cika wata guda ba. A kuma duba inda ruwan wanki zai bi. Ya ce a garuruwa da yawa na Amurka doka ta hana sakin irin wannan ruwa a magudanar ruwan sama. A nan kuwa ko ba doka akwai haƙƙin maƙwabtaka. Kada a tura shi ƙofar wani, ko kusa da rijiya, ko a bar shi ya kwanta ya tara sauro.

HAƊARI

A nan malamin ya sassauta murya. Ya ce ruwan wannan inji yana huda fata. Raunin yakan yi kama da ƙarami a waje, alhali datti ya shige cikin nama. Wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya ɗaure shi da tsumma. Kada a wanke ƙafa ko hannu da shi, kada a nuna wa mutum ko dabba ko da wasa, kuma a kori yara daga wurin. A sa takalmin roba mai tsawo da tabarau. Injin fetur ba a tayar da shi a cikin ɗaki ko gareji, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari wadda ke kisa, kamar dai hayaƙin janareto. Mai lantarki kuma a nisanta wayarsa da soket daga ruwa. Ruwan bilic da ake kashe gansakuka da shi, kada a gauraya shi da wani maganin wanki ko ruwan batir.

KUƊI DA LITTAFI

Ya ce kada a yanka kuɗi da ido. A auna tsawo da faɗi. Tsakar gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6 ta zama murabba'in mita 60. A lissafa ruwa da fetur da sabulu da kuɗin ɗauko kaya da ladan yaro mai taimako, sa'an nan a ɗora ladan kai. A gama ciniki kafin a jiƙa ƙasa.

Abin da ya rage bayan an cire waɗannan, ya ce a kasa shi uku. Kashi ɗaya na cefane, ɗaya na gyaran inji, ɗaya na ajiya ko adashi domin sayen wani injin ran da wannan ya tsufa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowane dare a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan wanda ake bi bashi. In sana'a ta kafu, a yi wa sunanta rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin makarantu da ofisoshi sukan nemi takarda kafin su ba da aiki.

TAMBAYOYI

Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, mu da muke layi a bakin burtsatse da bazara, ya dace a zubar da jarka 40 a kan daɓe?" Malamin ya amsa da cewa, "Baba, gaskiyarka. Inda mutane da dabbobi ba su ƙoshi da ruwan sha ba, wannan sana'a ba ta wurin ba ce. A kai ta inda mai gida yake da ruwansa."

Wata ɗaliba kuma ta tambaya ko mata suna da rabo a ciki. Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Hajiya. Akwai gidajen da namiji ba ya shiga. Ƙungiyar mata tana iya haɗa kuɗi ta sayi ƙaramin inji mai lantarki, ta riƙa wankin kafet da tsakar gida."

A ƙarshe malamin ya yi kira ga iyaye da kada su sayar da dabba ko gona don saya wa yaro inji, sai ya nuna musu littafinsa mai ɗauke da sunayen masu ba shi aiki da lissafin ruwansa. Daga nan limamin gari ya rufe taro da addu'a.