AMSOSHIN WASIƘUNKU: Su Wa Suka Fi Iya Rawa A Kan Ƙanƙara?

Wasiƙar da muka ciro yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga wajen Funtuwa. Bayan gaisuwa, ya ce ran nan ya ga abin mamaki a akwatin talabijin na wani maƙwabcinsa: mace da namiji suna rawa a kan ƙanƙara, suna sulɓi kamar ba su taka ƙasa, har aka rataya musu lambar zinariya. Ya ce gardama ta kaure a rumfarsu, waɗansu na cewa dabarar masu ɗaukar hoto ce, waɗansu na cewa siddabaru ne. Yana so ya san ko wasan gaske ne, da yadda alƙalai ke gane wanda ya ci tun da ba ƙwallo ake jefawa a raga ba, da kuma su wane ne gwanayen wasan.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ka gaya wa abokan gardamarka wasan gaske ne, babu siddabaru a ciki. Ni kaina na daɗe ina bin wannan wasa, saboda haka zan ba ka abin da yake tabbatacce, sa'an nan in faɗa maka nawa ra'ayin, in kuma nuna maka inda ra'ayin ya fara don kada ka haɗa su.

Da farko dai filin da ka gani ba tafki ba ne. Babban ɗaki ne rufaffe, an shimfiɗa bututu a ƙarƙashin daɓensa masu daskarar da ruwa kamar yadda firiji ke yi. Tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30, watau bai kai rabin eka ba. Takalmin kuwa an kafa masa wani ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, kaurinsa bai kai na fensir ba. An ɗan ƙwaƙule tsakiyar ƙarfen, saboda haka yana da baki biyu, na ciki da na waje. Duk gwanintar da ka gani a kan bakin nan biyu take, domin mutum yana karkata jikinsa ne ya hau ɗaya, ƙarfen ya yanki ƙanƙara ya kai shi inda yake so.

Akwai wani wasan na mutum biyu wanda ake manyan tsalle-tsalle, har namiji ya cilla mace sama. Wannan daban ne. A rawa doka ta hana cilli da babban tsalle, ta hana namiji ya ɗaga abokiyarsa ya miƙe hannu sama da kansa, kuma ba a so su yi nisa da juna fiye da tsawon hannu biyu. Sau biyu ake shiga fili. Na farko bai cika minti uku ba, hukumar wasan ce ke faɗin irin kiɗan da za a bi. Na biyu minti huɗu ne, kowa ya zo da kiɗan da ya ga dama. Na san za ka tambaya ko mata da miji ne, tun da al'adarsu da shigarsu ba irin tamu ba ce. Waɗansu ma'aurata ne, kamar Pakhomova da Gorshkov na Tarayyar Sobiyat, waɗanda suka fara cin zinariya lokacin da aka shigar da rawar cikin wasannin Olamfik na hunturu a 1976. Waɗansu wa da ƙanwa ne, kamar Paul da Isabelle Duchesnay da suka ci wa Faransa azurfa a 1992. Da yawa kuma abokan sana'a ne kawai.

Yanzu bari mu zo ga gwanaye. Daga 1976 zuwa 2006 an yi wasannin Olamfik na hunturu sau tara, Rashawa suka kwashe zinariyar rawa sau bakwai. Amma duk da haka, in ka tambayi tsofaffin masu kallo, sunan da za su fara kira na waɗansu Turawan Ingila ne, Jayne Torvill da Christopher Dean, mutanen garin Nottingham. Ita akawu ce a kamfanin inshora, shi kuwa ɗan sanda ne, sai bayan an tashi aiki suke samun damar gwaji, kafin daga baya su ajiye aikin su rungumi wasan.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1984, a birnin Sarayebo na tsohuwar Yugoslabiya, suka yi rawar da har yau ake labarinta. Sun zaɓi wani kiɗa mai suna Bolero wanda ya wuce kwata na awa, aka yi ta datse shi har ya dawo minti 4 da daƙiƙa 28, daga nan ya ƙi datsuwa. Doka kuwa ta ce kada a wuce minti 4 da daƙiƙa 10. Da suka duba dokar da kyau, sai suka ga ashe ba a fara ƙirga lokaci sai an fara tafiya a kan ƙarfen takalmi. Shi ke nan, sai suka fara rawar a durƙushe bisa gwiwa, suka cinye daƙiƙa 18 a haka kafin su miƙe. A wancan zamani maki 6 shi ne ƙarshen yabo. Alƙalai tara ne, kuma dukkansu tara suka ba su 6 a wajen kyan rawa, uku daga ciki suka ƙara musu 6 a wajen iya taku. Mutum fiye da miliyan 24 suka kalle su a talabijin a Birtaniya a daren nan.

To amma fa alƙalanci a wannan wasa bai taɓa rabuwa da ƙorafi ba, kuma nan ne tambayarka ta biyu ta shigo. Bayan shekara goma, a 1994, Torvill da Dean suka dawo gasa a Lillehammer ta ƙasar Norwe, ita tana da shekara 36, shi 35. 'Yan kallo suka tashi tsaye suna tafi, amma alƙalai suka ajiye su a na uku, zinariya ta tafi ga Grishuk da Platov na Rasha, waɗanda suka sake cinye ta a 1998. Mutanen Ingila suka yi ta cewa an yi musu kwange. A wancan lokaci ana yawan zargin cewa alƙalan ƙasashe suna haɗa baki, ka taimaki nawa in taimaki naka, kuma sabon shiga sai ya bi layi shekara da shekaru komai iyawarsa.

Ƙwai ya fashe ne a 2002 a birnin Salt Lake na Amurka. A wancan wasa mai tsalle da na ambata, aka ba Rashawa zinariya, aka bar 'yan Kanada da azurfa, jama'a suka ce ba su yarda ba. Wata alƙaliya Bafaranshiya ta ce an matsa mata lamba ne, ko da yake daga baya ta janye maganar. Zargin da aka yi shi ne musaya aka ƙulla, Faransa ta taimaki Rasha a can, a taimaki Faransa a rawa. Aka ba 'yan Kanada tasu zinariyar, aka dakatar da alƙaliyar shekara uku. Anissina da Peizerat na Faransa su suka ci rawar a shekarar, kuma ba a karɓe lambarsu ba. Sanadiyyar wannan abin kunya ne aka soke tsarin maki 6 a 2004.

A sabon tsari kowane abu da farashinsa, kamar kaya a kasuwa. Akwai kwamiti da ke duba kowane ɗagawa da juyi da taku, har su mai da hoto baya su sake gani, su ce wannan mataki na 1 ne ko na 2 har zuwa na 4. Sa'an nan alƙalai tara su ƙara ko su rage gwargwadon kyan aikin, a zubar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a yi lissafi da sauran. Wanda ya faɗi kuma a cire masa maki 1. Ba a ce son kai ya ƙare ba, tun da har yanzu mutane ne ke aunawa, amma aƙalla an sami takardar da kowa zai duba ya ga inda makinsa ya zube.

A ƙarƙashin wannan tsari ne Tessa Virtue da Scott Moir na Kanada suka fito. An haɗa su tun 1997, tana da shekara 7, yana da 9. A 2008 aka yi mata tiyata a ƙwaurinta biyu saboda ciwon da yawan gwaji ya jawo mata, amma a 2010 a Vancouver suka ci zinariya, suka zama na farko daga wajen Turai da suka yi haka. A 2014 a Sochi, Meryl Davis da Charlie White na Amurka suka kayar da su da maki 195.52 a kan 190.99. Abin da zai ba ka mamaki, malama ɗaya ke horar da su duka huɗun a fili ɗaya a jihar Michigan. Kowa ya ɗauka sun gama. Suka huta shekara biyu, suka sauya malamai, suka koma Montreal, inda suka tarar da waɗansu matasa 'yan Faransa, Gabriella Papadakis da Guillaume Cizeron, waɗanda suka riga suka ci gasar duniya a 2015 da 2016.

Karon da suka yi a 2018 a Koriya ta Kudu shi ne mafi zafi da na taɓa gani. A rawar farko maɗaurin rigar Papadakis ya kwance tun a farkon kiɗa, ta daure ta kai ƙarshe a haka, amma hankalinsu ya rabu. A rawa ta biyu 'yan Faransa suka fi kowa maki. Da aka tara, Kanada 206.07, Faransa 205.28. Ko maki ɗaya bai cika ba a tsakaninsu. 'Yan Faransa ba su karaya ba, suka jira shekara huɗu suka ci tasu zinariyar a Bejin a 2022 da maki 226.98. Sai dai kada ka ce wannan ya nuna sun fi na 2018, domin an sake gyara ma'aunin bayan wasannin Koriya. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a gwada farashi sai an tabbata mudu ɗaya ne.

To daga nan ra'ayina ne, mai so ya ɗauka, mai so ya bari. In laushin tafiya ake nema, ban ga kamar Papadakis da Cizeron ba, suna ratsa fili kamar ba su sa ƙarfi, ga gudu. Laifinsu a wurina shi ne rawarsu takan yi kama da juna daga shekara zuwa shekara. Davis da White kuwa sauri da ƙarfi da rashin kuskure, amma ba su cika taɓa zuciyar mai kallo ba. Torvill da Dean su suka buɗe hanya, suka nuna ana iya ba da labari ɗaya daga farkon kiɗa zuwa ƙarshensa, kuma duk wanda ya zo bayansu ya ci albarkacinsu. Amma in aka ce in fid da gwani ɗaya a fagen gasa, Virtue da Moir zan kira. Sun ci suna yara, an kayar da su, sun sauka, sun dawo sun tarar da waɗanda suka fi su ƙuruciya suna riƙe da kambi, suka sake karɓa. Lambobin Olamfik biyar suka tara kafin su yi ritaya a 2019, bayan shekara 22 tare.

Wannan daɗewa tare ba ƙaramin abu ba ne. Ba wai ina haɗa mutum da dabba ba, amma manomi ya san in ɗaya daga shanun huɗa ya fi ɗaya sauri, kunya ba ta miƙewa, komai ƙarfinsu. Davis da White ma tun 1997 suke tare. Madison Chock da Evan Bates na Amurka sun haɗu a 2011, ba su ci gasar duniya ba sai 2023, suka maimaita a 2024 da 2025.

Saboda haka Malam, in ka sake ganin wasan, ka bar kallon fuska da tufafi, ka dubi ƙafa. Ka duba ko suna kusa da juna ko suna tsoron karo. Ka duba ko gudunsu na raguwa in sun zo wuri mai wuya. Akwai kuma wani juyi da suke yi a ƙafa ɗaya suna tafiya, kamar yara sun murza katantanwa. In ka ga sun fara tare sun tsaya tare, to gwanaye ne. In ɗaya ya riga ɗaya ko ya dafa ɗaya ƙafar, maki ya zube, ko da 'yan kallo sun yi tafi. Da wannan kai ma za ka iya yin naka alƙalancin a rumfa, har ka ƙi yarda da nawa.